Minti 996 a hanyar ɗibar ruwa

Ni 'yar ƙauye ce a jihar Katsina, kuma tun kafin in iya haɗa baƙi na san nauyin bokiti a kai. Shi ya sa da lokacin zaɓen abin da zan yi bincike a kansa ya zo, a karatun digirina na biyu a fannin lafiyar al'umma, ban tsaya dogon tunani ba. So nake in gano ko nisan ruwa da irin ruwan da gida ke sha suna da hannu a tsumburewar yara a Arewa maso Yamma. Kuɗin shiga ƙauyuka da takardun tambayoyi ba ni da su, sai malamin da ke duba aikina ya ce in nemi bayanan binciken yawan jama'a da lafiya na Najeriya na 2018, wanda aka fi sani da NDHS. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ta gudanar da shi daga watan Agusta zuwa Disamba na shekarar, aka zanta da mata 41,821 masu shekara 15 zuwa 49, da maza 13,311, a gidaje 40,427. Aikin da ko zan shekara goma ina tara kuɗi ba zan iya kwatankwacinsa ba, ga shi an riga an yi, kuma kyauta ake bayarwa.

Neman izinin bai ba ni wahala ba. Na yi rajista a shafin intanet na DHS, shirin da ke ajiye bayanan irin wannan bincike, na rubuta sunan binciken da taƙaitaccen abin da zan yi da bayanan, bayan 'yan kwanaki saƙon amincewa ya shigo. Na jira tsakar dare lokacin da intanet ta fi sauri na sauke fayil ɗin yara, wanda ke da harafan KR a sunansa. Kowane layi a cikinsa yaro ɗaya ne da aka haifa cikin shekara biyar kafin binciken. Kowane gurbi kuma, wato abin da a aji muke kira bariyabul, amsar wata tambaya ce ko sakamakon wani awo. A cikin jakar da na sauke akwai wasu ƙananan fayiloli da ke rakiyar babban. Ban ko buɗe su ba. Na ɗauka tarkacen kwamfuta ne.

Na buɗe fayil ɗin a Stata, manhajar lissafin da muke amfani da ita, na ga gurabe sun haura dubu, sunayensu duk haruffa da lambobi: v012, v113, v115, hw70, h11. A gefen kowanne akwai ɗan guntun bayani. Na ga v115 an rubuta lokacin zuwa wurin ruwa, na ce to ga nawa nan. Na ware jihohi bakwai na yankinmu, Kano, Kaduna, Katsina, Jigawa, Kebbi, Sakkwato da Zamfara, na umarci manhajar ta ba ni matsakaicin lokacin. Abin da ya fito awowi ne masu yawa. Gaskiya ban ji tsoro ba, sai ma zuciyata ta karye, domin na tuna 'yan'uwana mata da ke fita tun asuba. Na ce a raina ashe abin ya wuce yadda na sani. Har na fara rubuta sakin layi a kan wahalar ruwa.

Allah ya sa kafin in kai wa Malam na ce bari in rarraba lokacin bisa irin ruwan da gida ke sha. Teburin da ya fito shi ya tsayar da ni. Gidajen da ke da famfo a cikin gida su ne suka fi kowa daɗewa a hanyar ruwa, kuma matsakaicinsu ba ya motsi: 996 cif. Na ɗauki waya na raba da sittin, ya ba ni awa 16 da minti 36. Mutumin da famfonsa ke bakin ɗakin girki ne zai shafe wuni da rabin dare yana ɗibar ruwa?

Washegari na buga teburin na kai ofis. Malam ya dubi takardar bai fi daƙiƙa biyar ba ya ajiye.

"Malama, kin karanta kundin bayanin lambobin?"

"Ranka ya daɗe, na karanta bayanin da ke gefen kowane gurbi."

"Wannan ai suna ne kawai aka gaya miki. Kin san sunan mutum, ba ki san halinsa ba. Je ki sauke kundin, wato Recode Manual na zagaye na bakwai na binciken DHS, da ainihin takardar tambayoyin da ke bayan rahoton binciken, ki buɗe ƙananan fayilolin nan da suka zo da bayanan. Kada ki ƙara lissafa komai sai kin iya gaya mini abu uku a kan kowane gurbi: me aka tambaya, wa aka tambaya, kuma wace lamba ce a ciki ba adadi ba ce."

Na so in ce masa lokaci ya ƙure mini, amma na ga alamar maganar ba ta ja-in-ja ba ce. Na ce "To, ranka ya daɗe," na fito.

Na je shagon buga takardu na bakin makaranta na sa aka buga mini shafukan da suka shafe ni, na sayi littafin rubutu mai shafi tamanin, na ja layi biyar a kowane shafi: sunan gurbi, tambayar yadda aka furta ta, waɗanda aka yi wa ita, lambobi da ma'anarsu, sai abin da zan yi da su. Da v115 na fara, kuma ban yi minti biyu ba na ga amsar. Lamba 996 tana nufin ruwan a cikin gida yake. Lamba 997 tana nufin matar da aka zanta da ita baƙuwa ce, ba mazauniyar gidan ba. Lamba 998 kuma "ban sani ba". Manhaja ba ruwanta da wannan. Lamba ta gani, ta tara ta raba. Don in tabbatar wa kaina girman ɓarnar, na gwada da biro: gida tara kowanne na minti 20, gida ɗaya mai famfo an rubuta masa 996. Jimla 1,176, a raba goma ya ba da 117.6. Gida ɗaya tak, wanda ma shi ne ya fi kowa hutawa, ya mayar da tafiyar minti ashirin ta kusan awa biyu.

Takardar tambayoyin ta ƙara mini abin da kundin bai faɗa ba. Tambayar ba nisan zuwa kaɗai take nema ba: zuwa, da ɗibar ruwan, da dawowa duka ake haɗawa. Kuma ba kowa ake yi wa ita ba. Akwai 'yan kibiyoyi a gefen takardar da ke gaya wa mai tambaya inda zai tsallake. Idan an ce ruwan a gida yake, ba a tambayar minti, a nan 996 ta samo asali. Sanin cewa zuwa da dawowa ne ya ba ni damar amfani da ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ke bi, inda ake ɗaukar gida ya samu ruwa na matakin farko idan tushen ruwan ingantacce ne kuma zuwa da dawowa, har da jiran layi, bai wuce minti 30 ba. Sai na kasa gidajen uku: ruwa a gida, minti 30 ko ƙasa, da sama da minti 30. Baƙi da waɗanda ba su sani ba na fitar da su, na rubuta adadinsu a gefe domin in bayyana a rubutuna.

Gurbin irin ruwa, v113, shi ma yana da nasa tsarin. Lambobin rukuni-rukuni suke: na goma-goma famfo, 21 rijiyar burtsatse, 31 rijiya mai kariya, 32 rijiya buɗaɗɗiya, 43 kogi ko tafki ko madatsa, 61 tankar ruwa, 62 kura mai ƙaramin tanki, inda na ga 'yan ga-ruwanmu suka fi dacewa. Girman lamba a nan ba ya nufin komai. 43 bai fi 21 kyau ba, bai kuma ninka shi ba. Da na jefa gurbin cikin lissafi yadda yake, da manhajar ta ɗauke shi kamar awon nauyi.

Daga nan abin ya fara yi mini daɗi, don kowane shafi sai na tarar da ramin da na kusa faɗawa. Gurbin gudawa, h11, na ɗauka 0 a'a ne, 1 kuma e, kamar yadda muka saba a aji. Ashe "e, cikin mako biyu da suka wuce" lamba 2 ce, 8 kuma "ban sani ba". Da na nemi masu 1 da na ba da rahoton cewa babu yaron da ya yi gudawa a yankin nan gaba ɗaya. Ranar hira, v008, ta fito da lambobi irin su 1426, har na fara tunanin ko shekarar Hijira aka rubuta, na ga kuma lissafin bai hau ba, don 2018 ta faɗo ne tsakanin 1439 da 1440. Kundin ya ce ƙidayar watanni ce tun daga Janairun 1900: a cire 1900 daga shekara, a ninka da 12, a ƙara lambar wata. Na gwada: 118 sau 12 ya ba da 1,416, na ƙara 10, ya zama 1,426, wato Oktoban 2018. Dabara ce mai kyau ƙwarai, domin idan aka cire lambar watan haihuwa daga ta watan hira, nan take shekarun yaro a watanni za su fito.

Gurbin da ya fi cin lokacina shi ne hw70, zuciyar binciken nawa, wato awon tsayin yaro idan aka gwada da shekarunsa bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006. A aji an koya mana cewa yaron da awonsa ya faɗi ƙasa da -2 shi ne tsumburarre. A fayil kuwa sai na ga -187, -243, -315. Kundin ya bayyana cewa an ɓoye ɗigon goma ne, akwai gurbi biyu bayansa, don haka -243 na nufin -2.43, iyakar kuma -200 ce. Da na saka -2 yadda na haddace, da kusan duk yaron da ya gaza matsakaici ko da da ƙiris ne ya shiga lissafin tsumburarru. Can ƙarshen jerin kuma akwai 9996, 9997 da 9998, alamomin cewa tsayin ko shekarun da aka rubuta sun fita daga abin da hankali zai ɗauka. Waɗannan ma sai an cire su, in ba haka ba su zauna a cikin masu ƙoshin lafiya su rage kason.

Sai maganar guraben da ba a rubuta komai a cikinsu ba. Na ga yara da yawa ba su da awon tsayi, na fara zargin an yi sakaci wajen aikin. Rahoton ya warware mini wani ɓangare: a kashi ɗaya cikin uku na gidajen kaɗai aka yi awon jiki da gwajin jini, gidajen da aka zaɓa don hira da maza. To amma gurbin gudawa fa, wanda duk uwa aka tambaya, me ya sa shi ma yake da guraben wofi? Na bi kibiyoyin takardar tambayoyi da yatsa har na isa wurin. Ana tambayar gudawa ne a kan yaron da ke raye. Na haɗa h11 da b5, gurbin da ke nuna ko yaro na raye, sai na ga guraben wofin sun hau kan masu lamba 0 daidai. Yaran da suka rasu ne.

Na daɗe ina kallon allon a daren nan. Binciken da kansa ya ce a cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a Najeriya, 132 ba sa kai shekara biyar. Na san wannan adadin tun a aji, na ma rubuta shi a jarrabawa. Amma ganinsu layi-layi, kowanne da watan haihuwarsa da jinsinsa da shekarun mahaifiyarsa, sannan sauran guraben fayau, wani abu ne daban. Wata mata ta zauna a tsakar gidanta ta lissafa wa baƙuwa 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ta binne. Na kusa danna umarni ɗaya in share su da sunan bayanan da suka ɓata. Share su daga lissafin tsumburewa dole ne, domin ba a auna su ba. Sai dai yanzu na san abin da zan rubuta a babin iyakokin bincike: cewa sakamakona na yaran da suka rayu ne, kuma mai yiwuwa waɗanda gurɓataccen ruwa ya fi yi wa illa suna cikin waɗanda ba su kai ranar awo ba.

Akwai wurare biyu da kundin ya sa na canza yadda zan yi magana, ba yadda zan yi lissafi kawai ba. Na farko ilimin uwa, v106. Lambobi huɗu ne: babu, firamare, sakandare, gaba da sakandare. Makarantar allo da islamiyya ba su da gurbi a jerin. Innata ta sauke Alƙur'ani tun tana budurwa, tana rubuta wasiƙa da ajami, ita ke karantar da matan unguwarmu bayan la'asar. A wannan jerin, wurin da ya rage mata shi ne 0. Ba zan iya rubuta "uwaye marasa ilimi" a kanta ba. A duk teburana "ba ta yi karatun boko ba" na rubuta, kuma ina ganin duk ɗalibin da ke aiki da bayanan yankinmu ya kamata ya lura da wannan. Na biyu ma'aunin arziki, v190. Na zata kuɗin shiga ne. Ashe an gina shi ne daga abin da gida ya mallaka da yanayin ginin, irin su rediyo, babur, daɓen ɗaki, makewayi, aka jera jama'ar ƙasar aka kasa su biyar. Kuma tushen ruwan sha yana cikin abubuwan da aka gina shi da su. Ke nan idan na saka arziki da ruwa a lissafi ɗaya, ruwan ya shiga sau biyu ta wata fuska. Wannan sai da muka zauna da Malam a kansa, muka yanke in yi lissafin da shi in kuma yi ba shi, in nuna duka biyun.

Na ƙarshe shi ne nauyi, v005, lambobi masu tsawo kamar kuɗin kwangila. Ba a ɗebi gidaje daidai da yawan jama'ar kowace jiha ba. Don kowace jiha ta samu adadin da zai isa a yi magana a kanta, an ɗebi fiye da kasonsu a ƙananan jihohi, ƙasa da kasonsu a manya irin Kano da Legas. Nauyin shi ke mayar da kowa matsayinsa, kuma sai an raba shi da 1,000,000 kafin a yi amfani da shi. Tare da shi akwai v021 da v022 da ke gaya wa manhaja cewa gungu-gungu aka ɗebi gidajen, ba ɗaiɗai ba, tunda maƙwabta sukan sha rijiya ɗaya.

Kwana tara na yi ban lissafa komai ba sai karatu da cika littafina. Gurabe 23 kacal nake buƙata daga cikin fiye da dubu. A rana ta goma na yi gwajin da Malam ya ce shi ne alƙali: in fitar da adadin da aka riga aka buga a rahoto. Rahoton ya ce kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuma kashi 57. Nawa ya zo kusa ƙwarai amma bai hau daidai ba. Na sake bin komai daga farko ban ga kuskure ba, sai a littafin jagorar lissafin DHS na tarar da dalili. Teburin rahoton daga fayil ɗin mutanen gida aka fitar da shi, mai harafan PR, da gurbin hc70, inda aka saka duk yaron da ya kwana a gidan. Fayil ɗin KR da nake amfani da shi kuwa na yaran da aka zanta da iyayensu mata ne kaɗai. Yaron da mahaifiyarsa ta rasu ba ya ciki, haka yaron da aka kai riƙo wurin kaka ko gwaggo. A ƙasar Hausa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ni kaina a hannun gwaggona na yi shekarun farko na firamare. Na koma shafin na sauke PR, na sake lissafi da nauyin gida, adadin ya hau kan na rahoto.

Na kai wa Malam teburin tare da littafin rubutun. Teburin kallo ɗaya ya yi masa. Littafin kuwa ya buɗe shi shafi-shafi, ya tsaya a kan v115, ya karanta layin da na rubuta cewa 996 ruwa ne a gida. Ya ce, "Yanzu kin shirya. Ki ɗauki hoton shafukan nan ki saka su a rataye a bayan kundinki." Na ce, "Na gode, ranka ya daɗe. Allah ya saka da alheri."

A hutun da ya biyo baya na je gida. Muna zaune da Inna tana tsince shinkafa, sai na ce bari in yi mata tambayar yadda take a takarda.

"Inna, in za a je ɗibar ruwa a dawo, minti nawa ake yi?"

Ta ɗago ta dube ni. "Yaushe? Da damina ko da bazara?"

Na ce ta gaya mini duka. Ta ce da damina da kaka rijiyar bayan gida ta wadatar, kafin tukunya ta tafasa an dawo. Da zarar zafi ya shigo rijiyar ta ja baya, sai burtsatsen bakin kasuwa, kuma in ba a yi sammako ba a tarar da jarkoki a jere har bakin hanya, wata rana sai hantsi ya ɗaga.

Na tuna watannin da aka yi binciken: Agusta zuwa Disamba, daga tsakiyar damina zuwa farkon sanyi, lokacin da rijiyoyi ke da ruwa. Watannin Maris, Afrilu da Mayu ba sa ciki. Na shiga ɗaki na ɗauko littafin daga jaka, na buɗe sabon shafi, na rubuta gurbi na 24: v006, watan da aka yi hira.